Kar Ka Fesa a Bakin Tassa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka lafiya, ka iske Kawunka Idi da iyalinshi cikin ƙoshin lafiya, kuma hanyar Takanamat ba ta kakkarya maka ƙugu ba. Allah shi tsare mini kai safe da maraice, shi kiyaye ka daga maciji cikin ciyawa, da tsawa in hadari ya taso, da abokin da ba na kirki ba. Mu nan Tawa lafiya lau muke. Babanka na gaishe ka, ƙafar tashi da sauƙi. Labarin gida ke nan, na gama shi, don ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Na san za ka ce mi ya hana Inna kira ta talho. Yo ni ban san ka ba? “To Inna, na ji Inna” za ka yi ta yi mini, hankalinka na wani wuri, kafin in kai ga zancen rezo ya ɗauke, layin ya yanke. Takarda kuwa sai ka karanta ta, ko don kunyar wanda ya kawo. Rubutun yaƙi da jahilcin nan da kuke yi ma dariya, kai da ƴan lakkwal, ƴan boko ƴan'uwanka, yau shi za ka zauna ka bi layi bayan layi. In ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da kanka.

Ranar da za ka tafi, kana ɗaure sabon famfon feshinka bisa kaya, ka faɗa gabana da gaban babanka cewa damana guda za ka gwada gonar gida. In ta yi, ka zauna. In ba ta yi ba, ka bi yayanka Libiya. Ka faɗa kana dariya, ni ma na yi dariya, amma tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Ba na son ka tafi, Auta. Ga shi na faɗa ƙarara, ba sai ka tsaya lalube ba. Duk abin da za ka karanta nan gaba, don damanar nan ta yi ne.

Kar ka zaci zan ce ka jefar da famfon. A'a. Na yi noma da hannuna, na san abin da ciyawa ke yi ma mutum guda cikin gona mai faɗi. Da can gayya ake yi, a kira samari, a dama fura, kafin azahar sun share gona suna ihu. Yanzu ina samarin? Duk sun tafi biɗa, neman kuɗi ƙasashen waje, ƙauye ya koma na tsofaffi da mata. Wanda ba shi da hannuwa dole shi nemi magani. Abin da nike so ka riƙe shi ne, maganin ciyawa ba shi zama inda ka zuba shi don kawai kai ka zuba shi. Wata ƙasa ta kama shi ta riƙe, wata ta sake shi shi nutse, wata ta bar shi bisa har ruwa shi zo shi kwashe. Ni ban san haka ba sai da na sha wuya.

Lokacin kana nan Tawa wajen Gwaggonka kana lakkwal. Babanka shina Abijan, ciwon ƙafar bai dawo da shi ba tukuna. Gona ta rage daga ni sai yayanka. Ka san gonar, amma sanin ɗan hutu ka yi mata, bari in tuna maka. Sama fako ne, ƙasa mai tauri da tsakuwa, ruwa ba shi shigar ta. Tsakiya jigawa ce, rairayi zalla. Gangare kuma fadama, baƙar laka mai danƙo, inda rijiyarmu take. Komi na gonar nan daga sama shike gangarowa.

Shekarar da magani ya fara yawa cikin kasuwa, na iske wani mai tebur ya jera kwalabe, rubutun jikinsu duk turancin Najeriya, ba wanda ke iya karanta shi cikinmu. Ya ɗaga guda ya ce: “Inna, wanga ko ƙarangiya ta ji warinshi sai ta yi sallama da duniya.” Irin wanda ake fesa ma ciyawar da ta riga ta fito ne. Na saya don in share fadama kafin mu shuka dawa, na ari famfo wajen Kawunka Idi. Da munka zo haɗawa, yayanka ya ɗauki guga zai nufi rijiya. Na ce: “Kai, ina za ka? Ruwan sha za ka ɓata ma ciyawa? Ga tafki can ya cika.” Ruwan fari ne ya cika shi, jajir da shi, kauri kamar kunu. Da shi munka haɗa, ya goya famfo ya fesa fadamar kaf.

Munka zauna jiran ciyawa ta mutu. Ina! Sai ma ƙara sheƙi take. Matan da ke zuwa ɗiban ruwa sunka samu abin yi. Wannan ta ce: “Rabi, taki kinka zuba mata?” Waccan ta ce: “Ki faɗa mana sunan maganin, mu sai ma tumakinmu.” Abin da ya ƙara mini haushi, sauran da ya rage cikin kwalbar na ba Kawunka, ya fesa tashi gonar, ciyawarshi ta bushe ƙurmus. Kwalba guda, famfo guda. Bambancin kawai shi da ruwan rijiya ya haɗa, amma ni hankalina bai je nan ba sam.

Ga abin da ya faru, daga baya na gane. Laka na kama irin wanga magani da zarar sun haɗu, ta riƙe shi gam, shi kasa shiga ganye. Tun cikin famfo lakar tafkin ta gama da shi, abin da ya fito bakin famfo ruwan ƙasa ne kawai. Saboda haka kar ka yi rowar ruwa irin tawa. Ka haɗa da ruwa garau. In dole ta sa sai na tafki, ka ɗebo ka aje shi shi kwanta, ka tsiyaye na sama, ka tace da ƙyalle. Kuma kar ka fesa ma ciyawar da laka ta fallatsa ma ganye, ka bari ruwa shi wanke ta.

Da a nan na tsaya, da abin dariya ne kawai. Amma karatun banza na ɗauka daga ciki. Na ce ma kaina ashe ƙasar gonarmu cin magani take, awon da ke isar kowa mu ba shi isarmu. Wanga tunani na ajiye cikin raina har wata damana.

Kai da ba ka taɓa gina tassa ko guda ba, bari in gaya maka mi ake ciki. Rami ne ake haƙawa bisa fako da rani, faɗin ƙwaryar fura, a tara ƙasar da anka fidda ta gefen gangare, a zuba taki ciki. Fako ba shi shan ruwa, to duk ruwan da ya faɗi tsakanin ramuka sai shi gudu shi taru cikinsu, nan hatsi ke samun abin sha. Yayanka ya gwada ƴan kaɗan, sunka ba da zangarniya irin wadda ko jigawa ba ta taɓa ba mu ba. Sai ya ɗaura niyya. Ranin nan duka bisa fako ya yi shi, samari na hawa mota suna tafiya, shi shina sara ƙasa har tafin hannunshi ya fashe ya warke ya sake fashewa. Da jaki ya yi ta jido taki daga inda shanun Fulani sunka yi zango. Takin bai isa ba, ramukan farko sunka samu da yawa, na baya ɗan barbaɗe. In na kai mishi fura shina ce mini: “Inna, in tassar nan ta yi, mi zan je nema ƙasar wasu?”

Taki kuwa da irin ciyawa shike zuwa, kowa ya sani. Na duba sama, na duba tsakiya, na duba gangare, na duba mu biyu, na ga ba za mu iya ba. Na koma kasuwa, wanga karon na sayo ɗayan irin, wanda ake fesa ma ƙasa da an gama shuka don shi hana irin ciyawa tsirowa. Ban tambayi ko na wace shuka ne ba, mai tebur ma bai tambaye ni mi zan shuka ba. Ya nuna mini awo da murfin kwalba. Da munka zo haɗawa na zuba awonshi, na ƙara nawa a kai, tunda ai ƙasarmu ci take.

Yayanka ya goya famfo, ya tsaya, ya ce: “Inna, anya mu fesa sama? Ni dai hankalina bai kwanta ba. Tassa ina iya nome ta da hannu.”

Na ce: “Da wane hannun? Hannu nawa gare ka? Fesa mini tun daga iyaka har ƙarshen fadama, ka bar gardama.”

Ka san halinshi, ba shi maimaita magana da ni. Ya fesa.

Ba a daɗe ba anka yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda ke sa ƙorama ta yi ruri. Munka yi ta godiya ga Allah. Shuka ta fito ko'ina, kore shar, ba ciyawa ko ƙwara. Har na fara ɗaga kai in na wuce matan bakin rijiya. Sai abu ya fara canzawa. Dawar fadama lafiya lau, tana ta girma. Hatsin jigawa ya yi rawaya daga bakin ganye, wani ya mutu, wani ya rayu a tsugune. Na tassa kuwa, wayyo Allah. Ganyen ya yi fari, ya lanƙwashe, ya bushe, rami bayan rami. Abin da ya tsira sai layin can sama na bakin iyaka, da ramukan farko da sunka sha taki sosai. Munka sake shuka cikin waɗanda sunka mutu, ta fito, ta sake bushewa.

Wata safiya na hau da fura na iske shi tsugune bakin wani rami, ya tona ƙasar da yatsa shina dubawa. Na tsaya bayanshi. Bai juyo ba ya ce: “Ruwa ne ya kawo shi, Inna. Duk abin da na fesa tsakanin ramuka, nan ya taru. Ramin kam, aikin da na gina shi dominshi ne ya yi.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ranar da bayanta. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kawunka Idi ne ya je ya taho da malamar gona, wata ƴar Damagaram da anka turo aiki nan Tawa, tana zagaya ƙauyuka bisa moto, wato babur. Yarinya mai hankali, Allah shi yi mata albarka duk inda take. Ba ta yi mini dariya ba, ba ta kuma cika ni da faransanci ba. Ta sa anka samo gorunan roba, ta yanke gindinsu, ta ɗaure bakinsu da ƙyalle ta kife. Guda ta cika da rairayin jigawa, guda da lakar fadama, guda da rairayi haɗe da ruɓaɓɓen taki. Ta jiƙa bular wanki cikin kwano, ta zuba ma kowace. Ta rairayi, nan take ruwa ya zubo shuɗi kamar yadda ya shiga. Mai taki ta ɗan jinkirta, ruwanta ya fito da sauran launi kaɗan. Ta laka sai da munka gaji da jira, da ya ɗigo kuwa kusan fari. Sauran da ke cikin kwanon ta watsa bisa fako, munka bi shi da ido shina gudu har ya faɗa ramin da ke ƙasa da shi.

Ta ce da irin hausarsu ta gabas: “Mama, kin gani? Gona ɗaya kike kira, amma ƙasa uku ce. Laka da taki suna da abin riƙe magani, shi ya sa ya tsaya a sama inda irin ciyawa yake, bai kai ga saiwar dawarki ba. Rairayi ba shi da abin riƙewa, ruwa ya nutsa da shi har inda hatsi yake sha. Fako kuma bai bar shi ya shiga ba balle ya riƙe. Kowane rami ya sha rabonsa, ya sha na filin da ke bisansa.” Na tambaye ta layin sama fa, mi ya tsirar da shi? Ta ce ai babu filin da aka fesa a bisansa, ruwan da ya shigar masa daga daji ya zo.

To ka ji, Auta. Kafin ka buɗe kwalba, ka duƙa ka damƙi ƙasar wurin da laimarta. In ta dunƙule ta yi danƙo a hannunka, mai riƙewa ce. In ta wargaje ta zube tsakanin yatsu, ba ta riƙe komi, duk abin da ka ba ta saiwa za ta kai ma. A jigawa awo raguwa shike, ba ƙaruwa ba, wani maganin ma ba a kai shi can sam. Kar ka ƙara ko ɗigo bisa abin da anka ce, ko da zuciyarka na raya maka bai isa ba. Kai ka yi lakkwal, ka karanta jikin kwalbar, in turancin ya fi ƙarfinka ka ɗauke ta ka kai ma malaman gona su gaya maka ko ta hatsi ce ko ta masara. Mai tebur sayarwa ya fito yi, bai taɓa ganin gonarka ba. Sannan ka ɗaga kai ka dubi sama. In hadari na haɗuwa, ka aje famfo, ciyawa ba gudu za ta yi ba. Ka kuma tambayi kanka, in ruwa ya sauka nan, ina za shi? Duk inda za shi, can ka fesa, ko ba ka taka wurin ba.

Kakar shekarar nan abin da munka ɗaure bai rufe gindin rumbu ba, in ban da dawar fadama da ta rufa mana asiri. Bayan an gama sussuka yayanka ya ce zai tafi biɗa. Bai ce don tassa ba ne, ni ma ban tambaya ba. Samari da yawa sun tafi ba tare da uwarsu ta fesa komi ba, babanka kullum haka shike ce mini, kuma gaskiya ne. Amma ni na ji abin da ya faɗa mini lokacin da shike gina ramukan nan. Yanzu ka ga yadda muke: shi kira, mu gaisa, shi ce baɗi in sha Allah. Muryarshi na sani, fuskar da shike da ita yanzu sai a hoto.

Ka zaci na gama wauta? Saura guda, ƙarama. Malamar ta ce mini in kiyayi fadama baɗi, don abin da laka ta riƙe ba mutuwa ya yi ba, ajiya ce. Na ce cikin raina haba, ranar ƙasarmu ta Adar da ke fasa dutse, wane magani zai kai wata damana? Da ruwa ya sauka na shuka wake tsakanin dawa, can inda dawar bara ta yi kyau. Waken ya fito, bakin ganyenshi ya ƙone, ya ƙi yaɗo. Lalo da tafasa da nike tsinka gefen nan don miya su ma sunka yi ƙaura, sai da na riƙa roƙo gonar mutane. Ashe busasshiyar ƙasa ba ta cin magani. Sai da laima, da taki, ƙananan halittun da ido ba shi gani ke samun ƙarfin cinye shi, mu kuwa damanarmu gajera ce, raninmu dogo. Abin da na zuba fiye da kima ya kwanta cikin laka ya yi barcinshi, ruwan fari ya tashe shi.

Don haka inda ka fesa na ƙasa bana, ka sa alama, ka tuna. Kar ka kai wake ko gujiya ko kuɓewa can baɗi sai ka gwada. Gwajin ba wuya: ka ɗebo ƙasar wurin cikin tsohon kwano, ka ɗebo ta inda ba a fesa ba cikin wani, ka shuka wake cikin kowane, ka riƙa ba su ruwa, su za su gaya maka. Ka bar ma matan gidan Kawunka gefe guda da magani ba shi taɓawa, don abin da kai kake kira ciyawa, rabinshi miyarsu ce. Kuma ka yawaita taki ko'ina. Na ga da idona ramukan da sunka ƙoshi da shi sun tsaya, na kusa da su sun faɗi.

Rijiya kuwa, wannan ban yi kuskurenta ba, amma saura kaɗan. Na ɗauko famfo zan wanke shi a bakinta, Kawunka ya hango ni daga nesa ya kwarma ihu: “Ke Rabi! Kashe mu za ki yi?” Ka san rijiyar fadama ba ta da zurfi, kuma ƙarƙashin lakar nan rairayi ne. In rani ya tsattsage laka, abin da ka zubar bisa ta cikin tsagar zai bi shi sauka. Ka wanke famfonka can nesa, cikin gonar da ka fesa, ka watsa ruwan wankin a faɗi, kar ka tara shi wuri guda. Kwalbar da ta ƙare ka huda ta, don na san mutanenmu, gobe sai ka gan ta da man gyaɗa ciki. Ka rufe hancinka da bakinka, ka sa takalmi, ka ba iska baya. In ka gama ka yi wanka da sabulu kafin ka taɓa abinci, ba irin wankan nan naka na shafa ruwa a fuska ba.

To ga abin da na yanke, kuma ba shawararka nike nema ba. Fadama taka ce, ka yi yadda na gaya maka. Jigawa ka bi ta da hankali. Saman gona kuwa, inda ramukan yayanka suke, ka yashe su, ka zuba taki, ka shuka, amma kar famfonka shi hau can, ko bakin iyakarsu. Noman can nawa ne. Da hatsi ya yi ganye zan kife kaskon ƙosaina, in hau motar kasuwa in zo.

Da na gaya ma babanka, dariya ya yi har da tari. Ya ce: “Ke da in kin duƙa ɗaukar tsintsiya sai kin kira sunan Allah kafin ki miƙe?” Na ce mishi tassa ba ta son gaggawa, a zaune ma ana cire ciyawarta, in gama wanga rami in ja jiki zuwa na gaba. Ya dube ni. Can ya ce Gwaggonka ta riƙa aiko mishi da tuwo, in tafi.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce mutane za su yi da kai, wai Auta ya gama lakkwal ya zo ya sa tsohuwa noma. Su yi. Bakinsu ai ba yau ya fara taɓa ni ba. Ba zan sa ka rantse mini za ka zauna ba, kai namiji ne, in ranka ya tashi ba ni da igiyar ɗaure ka. Ruwa na Allah ne, in ya ba mu mun gode, in ya hana mun gode. Amma ciyawar da za ta sa ka gaji har ka ce bari in ɗan fesa sama sau guda, wannan tana cikin abin da hannuna ke iyawa, kuma zan cire ta. Ɗa guda na raka bakin motar Agadas, hanyar Libiya, bakina na yi mishi addu'a, cikina na kuka, na tsaya har motar ta ɓace. Gwiwoyin nan nawa da babanka ke yi ma dariya za su ɗauki noman damana, Auta. Tsayuwa ta biyu a wurin nan ce ba za su ɗauka ba.

Ka gaida Kawunka da matanshi, ka ce mishi a share mini ɗaki, kuma shi nemo mini hauya mara nauyi.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi sa ruwa shi sauka da sauƙi, shi tsare shukarka daga fara da tsutsa. Allah shi kiyaye lafiyarka, shi kiyaye wanda ke nesa, shi haɗa mini ku tsakar gida guda ina da rai. Allah shi yi maka albarka.

Ni ce,
Innarka.